Ina son aikin ɗakin tiyata: ta ina zan fara, kuma me ake koya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kumo ne, bara na gama sakandare. Ina da kiredit a Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, lissafi ne kawai ya ba ni fas. Burina in zama teknishan na ɗakin tiyata. Wani ya ce min akwai asibitin kuɗi a cikin Gombe da ke koyar da aikin a wata shida su ba da satifiket. In biya in shiga? Kuma me ake koya a wannan aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Ba cewa nake ba a koyon aiki a asibitin kuɗi ba. Ana koya, wani lokaci ma hannu ya fi saurin faɗawa a can, tunda ma'aikata kaɗan ne, komai kai za a sa. Matsalar tana ga takardar. Satifiket ɗin da asibiti ya buga da kansa, wanda babu hukumar da ta san da zamansa, iyakarsa bakin ƙofar wannan asibitin. Ranar da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na ATBU da ke Bauchi, ko gwamnatin jiha suka buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da za a fara dubawa shi ne ko makarantar da ka yi tana da amincewar hukuma. In babu, ko an ɗauke ka, a matsayin mai tura gado ko mai shara za a rubuta ka, albashin wannan matakin kuma za ka riƙa ɗauka komai ƙwarewarka, sai dai in ka koma makaranta.

Saboda haka aikinka na farko ba a tiyata yake ba, yana kan lissafin nan. Makarantun lafiya suna neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Ka sake zana WAEC ko NECO ka cike gurbin, ka kuma yi JAMB. Kuma kada ka ɗauki lissafin a matsayin shinge kawai da za a tsallake. Nan gaba kaɗan za ka ga inda zai yi maka amfani.

Sai ka san cewa abin da mutanen gari ke kira "teknishan na tiyata" ba mutum ɗaya ba ne. In ka cire likitoci, akwai nas ɗin tiyata, wanda ke wanke hannu ya sa riga ya tsaya kusa da likita yana miƙa masa kayan aiki. Wannan sai ya fara zama cikakken nas mai rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, sannan ya ƙaro karatu na musamman kan aikin tiyata, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Zariya da UCH da ke Ibadan. Akwai mai taimaka wa likitan sa barci, wanda injin sa barci da iskar oksijin da kayan numfashi ke wuyansa. Akwai ma'aikacin sashen wanke kayan aiki da turara su. Akwai kuma mai gyaran injinan asibiti, wanda ya karanci injiniyancin kayan lafiya. A babban asibiti kowa da aikinsa. A asibitin ƙaramar hukuma kuwa, da dare, mutum ɗaya ne kan haɗa biyu ko uku daga ciki.

Shawarata, in kana da ƙarfin karatu da haƙuri, ka bi ta jinya. Hanyar ta fi tsawo, amma ita ce ke kai mutum har gefen likita da lasisinsa a hannu, kuma akwai kwalejin jinya a Gombe, akwai a Bauchi. In difloma ta shekara biyu kake so, ka leƙa kwalejojin fasahar lafiya irin ta Kaltungo da ta Ningi ka ga kwasa-kwasan da suke da su a bana, ka kuma bibiyi sanarwar makarantun da ke ƙarƙashin asibitocin koyarwa. Tambayoyi uku za ka yi kafin ka sayi fom a ko'ina. Shin wannan kwas ɗin, ba makarantar kawai ba, yana cikin jerin waɗanda NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ko hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da su? A wane asibiti ɗalibai ke yin aikin hannu, kuma wata nawa? Waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce, ina suke aiki yanzu? Makarantar da ta yi ta kewaye-kewaye a kan tambaya ta uku ta riga ta ba ka amsa.

Yanzu ga abin da ake koya. A aji za a fara da sassan jikin mutum da yadda suke aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, sunayen magunguna, da taimakon gaggawa. Wannan duk ɗalibin lafiya yana yi. Inda aikinka ya bambanta shi ne kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake gane teknishan na gaske. Likita zai iya yin tiyatar haihuwa mai kyau ba kuskure ko ɗaya, bayan kwana biyar ciwon ya ruɓe ya buɗe, ba don komai ba sai don hantsakin da aka miƙa masa bai turaru ba.

Dokar farko: abin da ba a wanke ba, ba ya turaruwa. Busasshen jini a gaɓar almakashi ko a tsakanin haƙoran hantsaki yakan zama rufi ga ƙwayar cuta, tururi ya wuce ta kansa bai taɓa ta ba. Don haka da an gama aiki ake buɗe kowane hantsaki, a warware abin da ke warwaruwa, a wanke da sabulun kayan aiki da buroshi mai laushi a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsamo maka a ido, a ɗauraye, a busar, a duba ɗaya bayan ɗaya. Almakashin da ya dakushe da hantsakin da bakinsa ba ya haɗuwa a nan ake cire su, ba sai likita ya jefar da su a tsakiyar aiki ba. Kada a goge ƙarfe da ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi, yana cin ƙarfe.

A asibitoci da yawa za ka tarar ana tsoma kaya a ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na minti 10 kafin a wanke. Ga lissafin da na ce maka: in bilic ɗin mai kashi 3.5 ne, kamar JIK, ka raba 3.5 da 0.5, ka samu 7, ka cire 1. Ma'ana mudu ɗaya na bilic, mudu shida na ruwa. In galan ɗin da aka kawo ƙarfinsa daban ne, lissafin ma ya canza, wanda kuma ya haddace "ɗaya da shida" bai san dalili ba zai haɗa ba daidai ba. Ka kuma sani cewa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta daina ba da shawarar wannan tsomin kafin wanki, saboda jini yana rage ƙarfin bilic, shi kuma bilic yana huda ƙarfe. Inda har yanzu ake yi, babban laifin shi ne a manta da kaya a bokiti har gari ya waye. Tsatsar da ake ɗora wa "kayan zamani marasa inganci" yawancinta daga wannan bokitin take.

Sai injin turara kaya, wanda ma'aikata ke kira otokilef. Ba zafi kaɗai ke kashe ƙwayar cuta a cikinsa ba, tururi ne mai matsi da ya taɓa kowane lungu na kayan. Lambobi biyu za ka riƙe: digiri 121 na minti 15 ga kayan da ba a naɗe ba, minti 30 ga ƙunshi, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4 a injin da ke zuƙe iska kafin ya saki tururi. Ƙirgen minti yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da ka kunna ba. Sabbin ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa.

Babban abokin gabar otokilef iska ce. Duk inda iska ta maƙale, tururi ba ya shiga, wurin kuma ba ya kai zafin da allon injin ke nunawa. Shi ya sa ba a cusa kaya kamar ana loda buhunan masara a mota. Ana barin tazara tsakanin ƙunshi da ƙunshi, a ajiye kwanoni a karkace, a bar hantsaki a buɗe, a kuma guji ƙunshin zannuwa mai girma da nauyi da yawa. A injin da ke zuƙe iska, kowace safiya kafin kaya na farko ana yin gwajin Bowie-Dick: takarda ce da launinta ya kamata ya canza bai ɗaya, in tsakiyarta ta fito fari-fari, iska na maƙalewa, injin ba ya aiki ranar sai an gyara. Tef ɗin nan mai layi-layi da ake manna wa ƙunshi, wanda ke yin baƙi, yana nuna ƙunshin ya shiga zafi ne kawai. Bai ce cikinsa ya turaru ba. Don haka ake sa wata alamar a tsakiyar ƙunshin, ake kuma yin gwaji lokaci-lokaci da kwalbar ƙwayoyin cuta masu jure zafi, a ga ko sun mutu.

Abubuwa uku na yankinmu su ne ke yawan ɓata wannan aikin. Wuta: in ta ɗauke a tsakiyar zagaye, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, daga farko ake sakewa, ko da likita na tsaye yana jira. Ruwa: na burtsatse yakan bar farin gishiri a cikin injin ya toshe bututu ya ɓata kaya, tataccen ruwa ake zuba masa. Sai gaggawa: ƙunshin da aka ciro da danshi, a ɗauka bai turaru ba, domin jiƙaƙƙen zane hanya ce ga ƙwayar cuta daga hannunka ko daga kan tebur zuwa ciki. A bar shi ya bushe a cikin injin, ya huce, a rubuta masa kwanan wata, a ajiye a rufaffen kabad. Da hunturu ƙura ba ta jin kunyar ɗakin ajiya.

Abin da ba ya jure tururi, kamar wasu robobi da madubin leƙa ciki, akan tsoma shi a ruwan gulutaraldehaid mai kashi 2, wanda aka fi sani da Cidex. Minti 20 yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta, amma cikakken kisa sai awa 10, sannan a ɗauraye da ruwan da shi ma an turara shi. Warinsa na cin ido da ƙirji, ba a aiki da shi a rufaffen ɗaki.

A cikin ɗakin tiyatar kansa za a koya maka iyaka. Akwai abin da ya turaru, akwai wanda bai turaru ba, babu na tsakiya. In kana shakka, ka ɗauka bai turaru ba. Wanke hannu na tiyata minti 2 zuwa 5 ne, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, hannu a sama don ruwan ya gangara ta gwiwa, ba zobe, ba agogo, farce a yanke. Wanda ya sa rigar tiyata, gabanta daga ƙirji zuwa daidai tebur, da hannuwanta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, su ne kawai masu tsarki. Baya da hammata da ƙasan ƙugu ba sa ciki. Wanda bai wanke hannu ba ba ya matsowa ƙasa da santimita 30 daga teburin kaya, ba ya miƙa hannu ta samansa. Za ka haddace kayan kowane aiki: na tiyatar haihuwa daban, na ƙaba daban, na buɗe ciki idan taifot ta huda hanji daban. Za ka san cewa mariƙin aska mai lamba 3 shi ke ɗaukar reza 10, 11 da 15, mai lamba 4 kuma 20 zuwa 24. Cewa zaren ɗinki yawan sifilinsa sirantarsa, 4-0 ya fi 2-0 siranta. Cewa akwai zaren da jiki ke shanyewa kamar Vicryl, akwai wanda sai an cire kamar nailan.

Sai ƙirge. Duk goz (ƙyallen tsane jini), allura, reza da hantsakin da aka buɗe, mutum biyu ne ke ƙirga su da baki a ji, a rubuta a allo: kafin a fara, kafin a rufe ciki, da kuma lokacin ɗinke fata. Goz ɗin tiyata yana da zare na musamman da ke fitowa a hoton eksire, kuma ba a yanka shi gida biyu, ba a fita da ko ɗaya daga ɗakin kafin a gama. Goz da ya sha jini kamarsa ɗaya da nama, ido ba ya raba su, lissafi ne kawai ke rabawa. In ƙirge bai cika ba, ka faɗa da ƙarfi, ko wane ne likitan, ko shekararsa nawa a aiki. Tarbiyyarmu ta koya mana kada yaro ya katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a wannan wurin "ranka ya daɗe, goz ɗaya bai fito ba" ita ce ladabin. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai tambayoyi 19, don wannan aka yi ta. Ana tsayawa sau uku, kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fita da marar lafiya, a tabbatar da sunansa, aikin da za a yi, ɓangaren da za a yi wa, da cikar kaya.

In ɓangaren sa barci ka bi, safiyarka a kan inji take farawa. Ka buɗe silindar oksijin ka karanta ma'auni. Ƙaramar silindar da ke rataye a jikin inji, idan ta cika, tana nuna kusan 137 a ma'aunin matsi na "bar", tana ɗauke da lita 680. In allurar ma'aunin tana rabi, saura kusan lita 340. A lita 5 cikin minti ɗaya, awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan. Aikin da zai ci awa biyu ba a fara shi a kan wannan silindar sai da wata a gefe. Silindar naitiros, iskar da ake haɗawa wajen sa barci, ita kuwa ma'auninta yaudara ce, ba ya sauka sai ruwan cikinta ya ƙare. Mai ko giris ba sa kusantar bakin silindar oksijin, gobara ce. Injin tace oksijin daga iska yana da amfani ƙwarai, amma da wuta ta ɗauke ya tsaya, saboda haka silinda da jakar ambu, wadda ake matsawa da hannu don ba marar lafiya numfashi, ba sa barin ɗakin.

Daga nan ka toshe bakin bututun numfashi ka cika jaka ka ga ko iska na zurarewa. Ka duba garin soda da ke shanye iskar da marar lafiya ya fitar, in launinsa ya juya a canza. Ka kunna injin zuƙa ka ji ƙarfinsa a yatsa, domin in marar lafiya ya yi amai yana barci, daƙiƙoƙi ne tsakaninsa da shaƙewa. Ka gwada fitilar abin leƙa maƙogwaro, da batir na ajiya a aljihu. Bututun maƙogwaro na mace babba yawanci 7.0 zuwa 7.5 ne, na namiji 8.0, na yaro kuwa ka raba shekarunsa da 4 ka ƙara 4, ka ajiye wanda ya fi shi da wanda bai kai shi ba a kusa. Allurar ƙarin ruwa da launi ake gane ta: toka 16, kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24. Mace mai zubar jini kore ko toka take buƙata, ba shuɗi ba.

Ampul kuma, wato ƙaramar kwalbar maganin allura, karanta shi ake yi, ba a gane shi da kama. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan yadda ake rikita ampul ɗin taranekzamik, maganin tsayar da jini, da na bufibaken da ake allurar kashin baya da shi, kuskuren da ya kashe mutane. Duka biyun ana amfani da su a tiyatar haihuwa, shi ya sa ba a ajiye su a tire ɗaya. Ka karanta sunan da ƙarfi, ka nuna wa mai yin allurar, kowane sirinji kuma a manna masa suna.

Injin ƙona jijiya don tsayar da jini, dayatami, shi ma yawanci kai za ka haɗa. Farantinsa ana manna shi a wuri mai tsoka, busasshe, marar gashi, galibi cinya, ya kwanta gaba ɗaya. In rabinsa ya ɗage, ko ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, ko jikin marar lafiya ya taɓa ƙarfen gado, wutar za ta taru a wuri ɗaya ta ƙona shi, shi kuma yana barci ba zai ce uffan ba. In da maganin goge fata mai sifirit aka yi amfani, a jira ya bushe sarai kafin a taɓa injin.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Kafin ka fara aikin hannu ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. Ba a mayar wa allura murfi da hannu biyu, ba a cika kwalin zuba allurai ya wuce kashi uku cikin huɗu. In allura ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto a take. Maganin kariya daga cutar HIV ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha na kwana 28. Ɓoyewa don tsoron faɗa shi ne wauta. Ka kuma shirya wa tsayuwar awa huɗu ko biyar, kiran dare, da ganin jini. Wanda jiri ya ɗebe shi a ranar farko ba abin kunya ba ne. Ka karya kumallo kafin ka shiga, in ka ji duhu-duhu ka ja da baya ka zauna a ƙasa, kada ka faɗa kan teburin kaya.

Abu ɗaya da ba zan yi maka sassauci a kansa ba: wannan karatun ba ya mayar da kai likita. Bayan shekara biyar kana kallon tiyatar ƙaba za ka ji kamar za ka iya da ido a rufe, kuma za a samu masu zuga ka a ƙauye, suna kiranka dakta. Yanka mutum aikin wanda ke da rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya ne. Abin da kake gani daga gefe shi ne aikin da ya tafi daidai. Abin da za a yi idan jijiya ta tsinke ko hanji ya huje, wannan shekarun karatun likita ne, ba a koyonsa da kallo.

Game da wancan asibitin na Gombe, in suna karɓar mai sa kai ba tare da ka biya ba, ka je ka yi wata biyu ko uku yayin da kake jiran sakamakon lissafi, ka roƙa a sa ka a ɗakin wanke kaya. Ka sayi littafi mai kauri, kowane aiki da ka halarta ka rubuta kwanan wata, irin aikin, kayan da aka buɗe, da abin da kai ka yi da hannunka, ban da sunan marar lafiya, wanda ke kula da kai ya sa hannu a ƙasa. Wayarka kuma ta zauna a cikin loka. Hoton marar lafiya a ɗakin tiyata, ko fuskarsa ba ta fito ba, ya isa a sallame ka.